Tayar Ƙanƙara a Kan Kwaltar Gumel: Yadda Tayoyin Sanyin Turai Suka Iso Mana

Mai karatu, in kana da mota, ko kana yawan hawa motar haya tsakanin Sule Tankarkar da Gumel, ko kuwa kana cikin masu sammakon kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ga wani ɗan aiki da za mu ba ka. Idan an tsaya shan mai ko ana jiran fasinja, ka tsuguna ka dubi gefen tayar motar. A cikin tarin rubuce-rubucen da ke jikinta, nemi wani ɗan zane: dutse mai kawuna uku, a cikinsa akwai wani abu kamar tauraro mai rassa shida. Wannan tauraron hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ne. In ka gan shi, to an jarraba tayar a kan dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa, kuma galibi don ƙasar da ruwa ke daskarewa a kan titi aka yi ta.

Irin wannan taya akwai ɗaukar ido a wurin mai sayar da tayoyin hannu. Zanenta da zurfi, in ka danna farce ka ji laushi, ga sauƙin kuɗi. Mai taya zai ce maka, "Alhaji, 'yar Beljiyam ce, ko rabi ba a ci ba." Kuma fa ba ƙarya ya yi ba. Abin da bai faɗa ba, wataƙila don shi ma bai sani ba, shi ne dalilin da ya sa Bature ya rabu da ita alhali da sauranta, da kuma abin da ke faruwa da ita in ta hau kwaltarmu a watan Afrilu. Amsar tana cikin tarihi, don haka bari mu koma baya.

Danƙo, zafi da sanyi

Tun farkon ƙarni na 19 Turawa ke kawo danƙo daga Kudancin Amurka suna yin takalma da rigunan ruwa da shi. Sai dai danƙon yana da wani hali mai ban haushi. Da sanyi ya sandare kamar ƙirgi, da zafi ya yi laushi ya riƙa manne wa mutum yana wari. A 1839 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano cewa in aka dafa danƙo da farar wuta, sai ya daina wannan rawar kan. Ya samu rajistar fasahar a 1844. Turawa suka raɗa wa aikin suna daga Vulcan, gunkin wuta na Rumawa, kuma daga nan ne mai facinmu na bakin titi ya samo sunan da wasu ke kiransa da shi, falkanaiza.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, roba tarin dogayen zarurrukan sinadarai ce da suka cuɗe kamar taliya a tukunya. Farar wuta tana ɗaure su nan da can, ta yadda za su miƙe su dawo ba tare da sun zame sun rabu ba. Amma ɗaurin bai raba roba da yanayi kwata-kwata ba. Kowace irin roba tana da wani matakin sanyi da in ta kusance shi zarurrukan ke daina motsi, ta yi tauri. Ka gwada sa cingam a firij, ka ga yadda yake karyewa maimakon ya miƙe. Mai haɗa robar taya yana iya matsar da wannan mataki sama ko ƙasa, gwargwadon abin da ya zuba. Abin da ba zai iya ba shi ne yin roba guda da za ta fi kowace kyau a sanyi kuma ta fi kowace kyau a zafi. Riƙe wannan, domin duk labarin a kansa ya ginu.

A 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. A 1895 'yan'uwan nan biyu, André da Édouard Michelin, suka shiga tseren motoci daga Paris zuwa Bordeaux da mota mai tayar iska. A 1946 kamfanin Michelin ya yi rajistar tayar da ake kira radiyal, wadda ita ce a ƙarƙashin kusan kowace ƙaramar mota yau. Harafin R da kake gani a lambar girman taya, kamar 175/70 R13, ita yake nufi.

Garin da ake kira Nokia

Sunan ba baƙo ba ne a kunnenka, ko? To Nokia gari ne a ƙasar Finlan, can arewacin Turai, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanyoyi wata da watanni. A garin akwai wani kamfanin roba da ke yin takalman ruwa da tayoyi. A 1934 ya fito da taya ta farko a duniya da aka ƙera musamman don lokacin sanyi. Ta manyan motoci ce, mai manyan haƙora a gicciye don ta riƙa cizon dusar ƙanƙara ba sai an naɗa mata sarƙa ba. Bayan shekara biyu, a 1936, ya yi ta ƙananan motoci mai suna Hakkapeliitta, sunan da har gobe ake bugawa a jikin taya. Wannan kamfanin roba yana cikin guda ukun da suka haɗe a 1967 suka zama Nokia, wanda daga baya ya yi wayar da ka riƙe. Sashen taya ya ware a 1988, shi ne Nokian.

A farkon shekarun 1960 aka soma dasa wa tayoyin sanyi ƙananan ƙusoshi don su kama sulɓin ƙanƙara. Sun kama kam, amma sun riƙa cinye titi. Jamus ta Yamma ta hana su a 1975. A Japan kuwa, ƙurar kwaltar da suke kankarowa ta addabi birane irin su Sendai, har aka yi dokar taƙaita su a 1990. Wannan hani ya tilasta wa kamfanoni neman riƙo daga robar kanta. Suka ƙara danƙon itace da mayuka masu sa laushi, daga baya suka ƙara silika, sinadarin da ke cikin yashi, sannan suka tsattsaga kowane haƙorin taya da ƙananan tsagu masu lanƙwasa kamar an bi shi da reza. Bridgestone ya fito da Blizzak a 1988 a kan wannan tsari. Tsagun nan suna buɗewa in taya ta taka ƙasa, bakinsu ya riƙa kama ƙanƙara. Ƙa'idar da masu taya ke bayarwa ita ce, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, robar taya ta yau da kullum ta soma tauri, ta sanyi kuwa tana nan da laushinta.

Kafin wannan lokaci, alamar da ake sa wa irin waɗannan tayoyi ita ce M+S, haruffan farko na taɓo da dusar ƙanƙara a Turance. Amma siffar zane kawai take nunawa, babu wata jarrabawa a bayanta. Shi ya sa a 1999 ƙungiyoyin masu yin taya na Amurka da Kanada suka fito da alamar dutse mai kai uku, wadda ba a buga ta sai taya ta ci gwaji.

Mota ɗaya, taya takwas

Daga nan sai hukumomi suka shigo. Lardin Kebek na Kanada ya wajabta tayar sanyi a 2008. Jamus ta yi doka a Disamban 2010 cewa duk wanda zai yi tuƙi a kan ƙanƙara ko dusarta dole ya sa tayar sanyi. Daga 2018 ta ce sababbin tayoyi sai masu alamar dutse, tsofaffi masu M+S kaɗai aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen Satumban 2024. Jamusawa har ƙa'ida gare su ta baki: a sa tayar sanyi daga Oktoba zuwa bikin Ista.

Sakamakon haka, magidanci a can yakan mallaki taya takwas don mota ɗaya, huɗu na bazara, huɗu na sanyi. Kuma don kada a yi ta ɓamɓare taya daga rim sau biyu a shekara, yawanci kowane rukuni da nasa rim ɗin, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kai. Muhawarar da suke yi duk shekara ita ce, a ɗora tayar sanyi a kan rim ɗin da mota ta zo da shi daga masana'anta, ko a sayo wani? Da yawa sukan ajiye rim ɗin alminiyon mai kyau don bazara, su sayi baƙin rim na ƙarfe mai araha don sanyi, saboda gishirin da ake barbaɗa wa tituna don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe yana ɓata fenti. Wasu har sukan rage faɗin taya, don siririya ta fi ratsa dusar ƙanƙara.

Ga inda labarin ya juyo wajenmu. Doka a yawancin Turai ta yarda a yi amfani da taya har zurfin zanenta ya koma milimita 1.6. Amma tayar sanyi ƙarfinta yana raguwa sosai tun a milimita 4. Austriya ma ba ta ɗaukarta a matsayin tayar sanyi in ta gaza haka, kuma ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ita ma 4 ɗin take ba da shawara. Sabuwa takan zo da milimita 8 ko 9. Wato Bature yana yar da ita a daidai lokacin da, a idonmu, rabi kawai aka ci. Ƙari a kan haka, tunda rabin shekara kaɗai take aiki, sai ta tsufa a ɗaka ba ta suɗe ba. Taya mai shekara takwas na iya zuwa da zane raɗau. A can shara ce da sai an biya kuɗi a kwashe, a nan kuwa haja ce.

Da muna yin tamu

Ba haka muka taso ba. A farkon shekarun 1960 Michelin ya buɗe masana'anta a Fatakwal, Dunlop ya buɗe tasa a Ikeja, ga kuma gonakin roba a yankin Benin da Sapele. A 1975 kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Dattawan tashar Gumel za su ba ka labarin zamanin 404 da 504, lokacin da malamin makaranta kan ci bashin mota ya fito da sabuwa fil, da tayar da aka yi a ƙasar nan don zafin ƙasar nan.

Sai farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar Naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Giɓin sai tsofaffin motocin Turai suka cike shi. Dillalai na tara su a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a sauke a Kwatano. Ka ji inda "Beljiyam" da "Kwatano" suka zama sunan duk wani kayan hannu mai kyau a bakinmu. Daga Kwatano wasu su shiga ta Legas, wasu kuma su yi arewa da takardar wucewa zuwa Nijar, su bi ta Birnin Konni, Maraɗi ko Damagaram, sannan su gangaro Najeriya ta iyakokin Sakkwato, Katsina da Jigawa. Motar kan zo da tayar da mai ita ya bari a jiki, wani lokaci da rukuni na biyu a cikin but. Bayan motoci kuma sai kwantena-kwantena na tayoyin hannu zalla.

Masana'antunmu ba su iya jure gasar ba. Michelin ya rufe ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a 2008. Dalilan da aka yi ta ambata su ne tsadar wutar lantarki da rage harajin shigo da taya daga waje.

A takarda, tayar hannu tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, in ban da wasu manyan tayoyin tirela da ake kawowa don a sake musu fuska. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, ta rufe iyakokin a Agustan 2019, kuma da aka tashi buɗewa a Disamban 2020 Maigatari na cikin huɗun farko, tare da Seme, Illela da Mfum. Duk da haka, leƙa kowace rumfar taya ka gani. Muddin kuɗin sabuwa guda ɗaya zai sayi na hannu biyu ko uku, direban da ke biyan balas kullum ya san wadda zai ɗauka.

Abin da ke faruwa a kan kwalta

Wani zai ce, ai mu ma muna da sanyi. Gaskiya ne, hunturun Sule Tankarkar ba wasa ba ne, man shanu kan daskare, yara su kewaye wuta. Amma ko a tsakiyar Janairu da wuya asubahinmu ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma kafin azahar rana ta ƙwalle. A Afrilu da Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40 a inuwa, baƙar kwalta kuma tana iya wuce 60. Ranar da tayar sanyi za ta nuna amfaninta ba ta zuwa a wajenmu.

To me take yi a zafi? Na farko, robar da aka yi don ta zauna da laushi a ƙanƙara sai ta yi laushin da ya wuce kima, kwalta ta riƙa goge ta kamar sabulu a dutsen wanki. Zanen da ka saya don shi ba ya daɗewa. Na biyu, tsagun nan da suka raba haƙori gida-gida suna sa shi ya riƙa lanƙwashewa. In ka taka birki ko ka sha kwana, sai ka ji motar tana lilo, kuma tazarar da take ci kafin ta tsaya ta ƙaru. In akuya ko yaro ya yanko titi a Gujungu ranar kasuwa, 'yan mitocin nan su ne komai.

Na uku shi ne zafin da taya ke haifarwa da kanta. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta, za ka ji wurin ya ɗau zafi. Haka taya take. Duk zagaye ɗaya, ɓangaren da ya taka ƙasa yana lotsawa ya dawo. Tayar da kewayenta ya kai mita 2 tana juyawa sau 500 a kilomita guda, wato kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya in ana gudun kilomita 100 a awa. Ƙaruwar gudu na ƙara yawan lotsawar, ƙaruwar lodi da ƙarancin iska na ƙara zurfinta. In zafin ya taru fiye da yadda taya ke iya fitarwa, haɗin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfen ciki sai ya saki, fuskar taya ta ɗaye, ko ta yi bindiga.

A nan ne tsufa ke shigowa. Iskar oksijin na ci gaba da cin roba ko ana amfani da ita ko tana ajiye, kuma zafi na hanzarta cin. Masana sinadarai na da ƙiyasin cewa irin wannan aiki kan ninka saurinsa a duk ƙarin digiri 10. Ka tuna yadda gugar roba ke tsattsagewa in ta daɗe a rana a bakin rijiya.

Mu yi adalci, ba wai kowace tayar sanyi da ta taka kwalta mai zafi sai ta fashe ba. Sabuwa, da iskarta daidai, a motar da ba a cika wa kaya ba, cinyewa kawai za ta yi da wuri. Haɗarin yana cikin taron dangi: tsohuwa ce, ba don zafi aka yi ta ba, an rage mata iska, an ɗora mata buhunan gero da riɗi ga fasinja a kai, sannan a take ta da tsakar rana.

Akwai kuma wasu ɗabi'u biyu namu da ke ƙara wa wutar fetur. Ƙasarmu jigawa ce, direban da zai shiga ƙauye kan rage iska don kada ya kafe a yashi. Dabara ce mai kyau, amma in ya hau kwalta bai mayar ba, ya shiga layin haɗari. Ta biyu, wasu kan sace iska da bazara wai don kada zafi ya fasa taya. Akasin haka ne. Gaskiya ne iska na ƙaruwa da zafi, kusan maki ɗaya da rabi a gejin mai faci a duk digiri 10, amma masu ƙera taya sun yi lissafin wannan. Tayar da ba ta ƙoshi da iska ba ita ce ke yin zafi har ta fashe.

Darussa biyu

Duniya ta koyi wannan da tsada. A Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan da fuskar wasunsu ta riƙa ɗayewa a motocin Ford Explorer suna ƙundumbala. Matsalar ta fi yawa a jihohin kudu masu zafi, kuma tun kafin nan ta bayyana a Saudiyya da Benezuwela. Waɗannan ba tayoyin sanyi ba ne, amma binciken ya nuna rawar da zafi, tsufa da ƙarancin iska ke takawa. A ƙarshen shekarar Amurka ta yi dokar da ta kai ga wajabta na'urar gargaɗin raguwar iska a sababbin motoci daga 2007. Ita ce 'yar fitilar nan mai kama da kofato a dashbod, wadda wasunmu ke rufewa da salatif.

A gida kuwa, ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Bayan wannan ne hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta matsa da gangamin duba taya, tana cewa a ɗauki shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adi. Kamfanin Michelin shi kuma shawararsa ita ce a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara in ta kai biyar, kada kuma a wuce goma ko da zanen na nan. Ko wanne ka ɗauka, lissafin daga ranar ƙira yake farawa, ba daga ranar da ka saya ba.

Batun rim

Rim ɗin da mota ta zo da shi daga masana'anta an auna shi da ita: faɗinsa, yawan ramukan noti da tazararsu, girman ramin tsakiya, da yadda yake shigewa ciki ko fitowa waje, wanda ake rubutawa da ET da lamba. Yawancin Golf 3 rami huɗu ne a da'irar milimita 100, Sharan, wadda muke kira Sharon, rami biyar a 112, ƙananan Peugeot na baya-bayan nan huɗu a 108. Bambancin 'yan milimita ya isa ya sa noti ya zauna a karkace, ya riƙa kwancewa. Don haka rim ɗin da aka ƙwaƙule wa rami don ya shiga, ka guje shi.

Baƙin rim na ƙarfe da ya zo da tayar sanyi ba shi da laifi in na irin motarka ne. A hanyoyinmu ma ya fi haƙuri, domin in ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi a buga shi ya dawo, na alminiyon kuwa yakan tsage. Abin dubawa shi ne tsatsar gishiri a leɓen da taya ke zama, don ta nan iska ke sulalewa a hankali. A goge, a shafa fenti, a canza bawul. A taƙaice, riƙe rim ɗin, tayar ce abin tuhuma.

Karanta kafin ka biya

Nemi alamar dutse mai kai uku, da sunaye irin su Blizzak, Hakkapeliitta, Alpin, WinterContact, UltraGrip, iceGUARD, ko kalmar STUDLESS. Dubi fuskar: in kowane haƙori cike yake da tsagu masu lanƙwasa, ko akwai ƙananan ramukan da aka cire ƙusoshi, ta sanyi ce. M+S kaɗai ba hujja ba ce, don tayoyin jif da na motocin Amurka da yawa na ɗauke da ita alhali na kowane yanayi ne.

Nemi rubutun DOT, ka bi shi zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. In lambobi uku ne, kafin 2000 aka yi ta. In an kankare wurin, ka san akwai dalili.

Nemi kalmar TEMPERATURE da harafi a gabanta. A ta fi jure zafi, sai B, sai C. Tayoyin sanyi galibi ba su da wannan ma'auni sam, don dokar Amurkan da ta kawo shi ta keɓe su.

Dubi lamba da harafin da ke bayan girman taya, kamar 82T. 82 na nufin kilo 475 a kan taya guda, 91 kuma kilo 615. Harafin iyakar gudu ne: Q kilomita 160, T 190, H 210. Wannan fa ga sabuwa ne mai cikakkiyar iska. Lissafa buhunan da ke kan tayoyin baya biyu ka gani.

Iska kuma a auna ta da safe kafin a yi tafiya, a bi lambar da ke jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Wadda ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake so a kai ba. Kuma kada a haɗa ta sanyi da ta yau da kullum a gatari ɗaya, wato hagu daban dama daban.

Mun san halin da ake ciki, ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba, kuma ba mu ce kowace sabuwa ta kirki ce ba. Amma ko a cikin na hannun akwai zaɓi. Tayar bazara mai shekara uku da matsakaicin zane ta fi ta sanyi mai shekara tara da zane har wuya. Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar tayar ƙanƙara ita ce yawancin masu sayenta ba su san rariya ce ba. Kai yanzu ka sani, sai ka nuna wa direbanku da mai facin unguwarku.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.